Giram Ashirin Daga Dutsen Goggo

4 ga Maris

Goggo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya. Yaya gwiwar? Ina fata kina shafa maganin da na bari, ba ajiye shi kika yi a kan taga kuna kallon juna ba. Ni lafiya lau, sai 'yar mura da ta taɓa ni ta wuce. Tunda kunnenki ya daina shiri da waya, ga ni na zauna na rubuta kamar yadda na yi alkawari.

Kin tuna ɗan ɓallin da na ɗauka a gwangwanin maɓallai ranar da zan dawo? Wanda ya ɓalle daga dutsen mijinki, Baba Direba, Allah ya jiƙansa, dutsen da kike danne yadi da shi a teburin yanka. Kin san aikina a ɗakin binciken nan: ni nake yanka duwatsu, in goge su har su fi gashin kai siranta, in liƙa a gilashi, Farfesa da ɗalibansa su duba a madubin ƙara girma. Ranar Talata aiki ya yi sauƙi, sai na yi wa naki haka. Na leƙa da niyyar minti biyar. Ban ɗago kai ba sai da aka zo shara.

Ba zan faɗi abin da nake zato ba tukuna, kada in yi saurin baki. Abu biyu dai na tabbatar. Na farko, dutsen nan tarkace ne, daga farkonsa har ƙarshensa. Na biyu, labarin da Baba Direba yake bayarwa, cewa ya ga wuta ta keto sama, ya je ya ɗauko shi da ɗuminsa, bai dace da abin da idona ya gani ba. Dutsen ya daɗe a kwance a ƙasa tun kafin a haifi kakan kakansa.

Yanzu ga roƙona. Ɓallin ya ƙare a wajen guga. Ina bukatar a yanko mini giram ashirin daga jikin dutsen, kamar kan babban yatsanki. Mai yankan tayil zai iya, in dai bai sa mai a bakin injin ba. Ga kuma wata takarda na haɗo, a cike wanda ya tsinci dutsen, da inda ya tsinta, da shekarar.

A gaida Baffa in ya leƙo. Ina sauri, mai kai wasiƙu yana tsaye a kaina.

Ɗiyarki,
Barkono

10 ga Afrilu

Goggo,

Ina gaisuwa. Mako biyar ke nan shiru. In gwiwar ce, ki sa wani ya rubuto mini ko layi biyu ne. Ni dai jikina lafiya, raina ne ba lafiya ba.

Na kai wa Farfesa gilashin. Ya leƙa bai kai minti ɗaya ba, ya ce e, dutsen sama ne, amma irin wanda ake samu da yawa, daga cikin manyan duwatsun da ke yawo tsakanin duniyoyi. Nan take ya rubuta haka a littafin ɗakin, da biro. Na ce ya ba ni izini in auna a babban injin. Ya ce injin ba na wasa ba ne.

Na auna. Ranar Asabar, da ba kowa, na shiga na auna ƙwayoyin ma'adini arba'in da ke cikin gilashin ɗaya bayan ɗaya. Ranar Litinin na ajiye masa sakamakon a gabansa, a gaban ɗalibansa uku. Ya duba, ya cire tabarau, ya ce, "Wa ya daidaita injin?" Na ce ni. Ya ce, "To, shi ke nan. Ke aikinki wuƙa da gam ne, fassara ba taki ba ce." Ɗaliban suka sunkuyar da kai. Ni ban sunkuyar ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, shekara shida ni nake daidaita injin nan, kuma duk takardun da ka buga da awon da na daidaita ka buga su. Yau ne hannuna ya lalace?"

Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma rabi.

Goggo, ba ni da sauran abin da zan auna. Ba tare da giram ashirin ɗin nan ba, maganata ce kawai a gaban tasa, kuma kin san wadda za a ɗauka. Don Allah ki amsa.

Barkono

23 ga Afrilu

Barkono,

Na samu takardarki ta farko. Ta biyu ma ta zo, tana nan ƙarƙashin keken ɗinki ban buɗe ba, don ban gama haɗiye ta farkon ba. Gwiwa da sauƙi. Ba ita ta hana ni rubutu ba.

Tarkace. Sau huɗu na karanta wurin, na goge tabarau na sake karantawa, ko idona ne. Ke da na goya, na yi miki wanka a bahon da har yanzu nake jiƙa yadi a ciki, ke ce za ki zauna a ɗaki mai sanyi ki rubuto mini cewa abin da mijina ya bar mini tarkace ne. Bai bar gida ba, bai bar mota ba, motar ma ta mai ita ce. Dutsen nan ya bari, da hularsa. Kuma a takarda ɗaya, ba ki ko sauya layi da nisa ba, kika mai da shi maƙaryaci yana cikin kabari. Sannan kika ce in kai wa mai tayil ya saɓa masa injin. In tarkace ne, me za ki yi da giram ashirin na tarkace? Babu juji a garinku?

Baffanki ya zo karɓar wandonsa ya tarar da ni ina huci. Na ba shi ya karanta. Ya ce dama ya faɗa tun ranar da aka tura ki karatun duwatsu, cewa duk wanda ya yini da dutse zuciyarsa za ta koma irinsa. Na ce masa ya ɗauki wandonsa ya ba ni wuri. Ni zan zage ki, ba shi ba.

Ki ji da kyau. Dutsen nan shekara talatin da ɗaya yana kan teburina. Ya danne yadin rigarki ta makaranta, ya danne na rigar da kika sa kika je neman wannan aikin da kike mini taƙama da shi. Ba mai yanka shi. Ba mai tayil ba, ba Farfesanki ba, ba ke ba. Takardar cikewarki kuma na yi awon hannun riga a bayanta.

Ki ci abinci. Murar nan ma rashin ci ne.

Goggonki

3 ga Mayu

Goggo,

Ina gaisuwa, kuma na ji daɗin gwiwa da sauƙi. Na karanta takardarki a tsaye, na sake karantawa a zaune, sannan na yi dariya har hawaye, sannan hawayen ya ƙi tsayawa. Laifina ne. Na rubuta miki kalmar wurin aiki kamar ina magana da abokin aiki.

A wurinmu tarkace ba zagi ba ne, sunan wani irin dutse ne. Dutsen da aka farfasa duwatsu da yawa, gutsattsarinsu suka sake mannewa suka zama ɗaya. Kamar ƙyallayen da kike tarawa a buhu ki ɗinke su su zama abin rufa. Tunda kin tilasta ni, bari in faɗi abin da na ƙi faɗa. Goggo, dutsen da kike danne yadi da shi daga wata ya zo.

Ga dalilina. Wata ba shi da iskar da za ta kare shi, don haka tun fil azal duwatsu ke faɗa masa, suna niƙa fuskarsa, zafin dukan yana manne garin. Wani dukan yakan yi ƙarfi har ya cillo gutsure waje, ya yi ta yawo, wata rana ya faɗo mana. A cikin duwatsun sama dubu, da ƙyar ki sami ɗaya irin wannan.

In kin kalli wata za ki ga wuri fari da wuri mai duhu. Farin tuddai ne, kusan dukkansu wani farin ma'adini da muke kira anotayit. Mai duhun narkakken dutse ne da ya malala ya daskare, cike da ƙarfe. Haka muke kasa duwatsun wata: na farin wuri, na baƙin wuri, da wanda ya haɗa biyun. Naki cike yake da anotayit, don haka na sa shi a na farin wuri. Babu ma'adini ko ɗaya na asalin jikinsa da ya taɓa shan ruwa, abin da da wuya ki samu a dutsen duniyar nan. Akwai kuma wani ma'adini a ciki, fairoksin, da muke auna ƙarfensa da manganis ɗinsa. Irin dutsen da Farfesa ya ce shi ne, ƙarfen yakan ninka manganis sau talatin. Na wata sau sittin zuwa saba'in. Ƙwaya arba'in na auna, ba wadda ta sauko ƙasa da sittin.

Saura gwaji ɗaya, na oksijin da ke cikin dutsen, kuma injinmu ba ya yi. Akwai wata Dakta a wata jami'a da ta yarda ta yi mini. Kuma dokar masu rajistar duwatsun sama ce a ajiye giram ashirin a wurin bincike, don kowa ya iya dubawa ya ƙaryata mu in ya iya. In ba a yi ba, a idon duniya dutsen nan bai wanzu ba.

Na ba ki haƙuri a kan kalmar. A kan labarin Baba Direba kuwa ba zan janye ba. Tsagogin dutsen cike suke da farar ƙasa irin wadda ruwan sama ke tarawa a hankali, shekaru ɗaruruwa ko dubbai. Ina son Baba Direba, shi ya koya mini hawan keke. Amma ba zan sa hannu a takardar da ta ce ya ɗauko shi da ɗumi ba, ko da ke ce kika ce in sa, ko da shi ne ya tashi ya ce.

Ki buɗe ta biyun. Ga wata takardar cikewa, wannan kada ta ga alli.

Ɗiyarki mai taurin kai, kin san inda ta gado,
Barkono

20 ga Mayu

Barkono,

Lafiya lau muke. Na buɗe ta biyun. Da na zo wurin wuƙa da gam sai da na tashi na zagaya shagon sau biyu da gwiwar nan. Ni ma almakashi da zare ne aikina, amma na fi mai riga sanin inda kafaɗarsa ta karkace.

Zauna, zan gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa ba.

Baba Direba bai ga wuta ba. Bai ma tsinci dutsen ba. Shekarar da innata ta kwanta ciwo, na bi shi a babbar motar don ya sauke ni a hanya. Da rana tsaka motar ta mutu a kan gangara, a wani fili da ba komai sai tsakuwa. Ya shiga ƙarƙashi, ya ƙwalo mini kira in nemo dutsen da za a yi weji a taya kada ta gangara. Na yi ta tafiya. Duk duwatsun wurin jajaye ne, sai wannan shi kaɗai, toka-toka mai duhu, gefe ɗaya sumul kamar an yi masa guga. Na ɗauka na juya shi. Na ce wannan ba na taya ba ne. Na ƙulle shi a bakin mayafi, na kawo masa wani.

A tasha ya nuna wa abokansa, ya ce ka ga dutse kamar daga sama ya faɗo. Suka yi dariya, ya ji daɗin dariyar. Shekara ta zagayo, sai ga ƙarar faɗowarsa a labarin. Wata shekarar sai ga wuta. Ni ina ɗinki ina ji, ban ce uffan ba. Mutum ne da ya iya ba da labari, kin sani. Da ciwo ya kwantar da shi shekara uku, mutane suka ɗauke ƙafa, labarin nan ne kaɗai ke sa wani ya ja kujera ya zauna kusa da shi. Ni zan ƙwace masa? Abin da ya ƙona ni a takardarki ke nan. Ba don kin yi ƙarya ba ne. Na yi gadin abu shekara talatin, kika zo kika buɗe shi a layi uku kina sauri.

Jiya na naɗe dutsen a tsumma na kai wa mai tayil na bakin titi. Na sa ya wanke bakin injin a gabana. Ya ce Hajiya wannan mene ne, na ce kai dai yanka inda na zana. Da alli na zana masa, a gefen da ba sumul ba. Da injin ya kama sai na juya baya, na kasa kallo. Da ya miƙo mini na ga cikinsa, sai na nemi wuri na zauna a kan buhun siminti. Toka-toka ne, da fararen gutsattsari manya da ƙanana, wasu masu kusurwa kamar an yanka da almakashi. Shekara talatin da ɗaya hannuna a kansa kullum, ban san haka yake ba.

Na kai kantin magani suka ɗora a ma'auninsu, giram ashirin da uku. Ukun kyauta ce. Yana cikin gwangwanin allura, na cusa auduga.

Na cike takardar. Sunan hanyar da gadar da ke kusa suna baya. A wurin wanda ya tsinta na daɗe da biro a hannu. Na yi wa Baba Direba addu'a, sannan na rubuta sunana cikakke, har da na ubana.

Ki je ki nuna musu.

Goggonki

14 ga Yuni

Goggo,

Gaisuwa da godiya. Gwangwanin ya iso lafiya. Labarin kuwa na karanta shi sau uku. Ki yafe mini saurin da na yi. Ina lafiya, ina cin abinci, ki daina tambayar masu zuwa.

Na raba gutsuren, na aika wa Dakta abin da take bukata. Ban ɓoye ba. Na shiga ofishin Farfesa na gaya masa da bakina. Ya ce da izinin wa? Na ce da izinin mai dutsen. Washegari aka ba ni takardar tuhuma, cewa na yi amfani da injin ba izini kuma na fitar da samfur. Na amsa a rubuce: na farko gaskiya ne, na biyu kuwa samfurin na goggona ne, ba na jami'a ba. Sun karɓi makullin ɗakin injin. Yanzu daga guga sai guga.

Kada ki ɗauka mugun mutum ne. Shi ya ɗauke ni aiki lokacin da wasu suka ce mace ba za ta iya da injin yanka ba. Wani tsohon ma'aikaci ya gaya mini cewa da daɗewa, yana matashi, Farfesa ya taɓa shelar ya samo dutsen wata, aka zo aka gwada ba shi ba ne, aka yi shekaru ana yi masa dariya a taro. Tun daga nan ko sunan wata ba ya son ji a ɗakin. Na tausaya masa. Amma tsoronsa ba zai sauya abin da ke cikin fairoksin ba.

Ya ce in na rubuta cewa na yi kuskure wajen daidaita injin, za a yafe tuhumar, a sabunta mini aiki a watan Satumba. Na ce ba zan rubuta ba. Ya ce in je in yi tunani. Na ce na yi a hanyar shigowa.

Dakta ta ce sai an yi wata biyu, akwai layi. In sakamakon ya nuna ni ce na yi kuskure, zan je in faɗa a gaban ɗaliban nan uku. Amma sai ya nuna.

Barkono

2 ga Yuli

Barkono,

Muna lafiya, sai ruwa da ya shigo shago ta rufi ya jiƙa mini yadi biyu.

Farfesanki ya rubuto mini. Takarda mai hatimi, da ladabi kamar zai nemi aurena. Wai kin wuce iyakarki, wai yarinta ce, wai in aiko masa da dutsen gaba ɗaya su duba a tsanake, komai zai daidaita. Baffanki ya ce in aika, in kuma sa ki ba da haƙuri, aiki ba a tsintarsa a titi. Ban ce ya yi ƙarya ba. Na kwana biyu ina juya maganar, don ni na san abin da ake nufi da zama ba aiki.

Ga abin da na mayar masa, na kwafe miki: "Ranka ya daɗe, na gode da takarda. Dutsen yana aiki a nan, ba zai samu zuwa ba. Yarinyar kuma shekararta talatin da huɗu. In ta ce ta auna, ta auna."

Ban ce kada ki ji tsoro ba. Ki ji, amma kada ki sa hannu.

Goggonki

29 ga Agusta

Goggo,

Ina gaisuwa, ina fata an gyara rufin. Ki ajiye almakashi kafin ki ci gaba.

Na wata ne. Dakta ta gwada oksijin sau biyu, ta kuma sake awon da na yi a nata injin, lissafinta bai bar nawa da nisa ba. Ta kira ni ina tsakiyar guga, hannuna duk ruwa. Na ce mata na gode, na ajiye wayar, na ƙarasa gilashin da ke hannuna don kada ya lalace, sannan na shiga ɗakin ajiya na rufe ƙofa na yi kukana.

Amma ban ci duka ba. Na ce na farin wuri ne zalla. A gutsuren da kika aiko, Dakta ta sami ɓaraguzan baƙin dutsen nan mai ƙarfe da yawa, waɗanda babu su a ɗan ɓallin farko. Don haka a kashi na uku za a rubuta shi, wanda ya haɗa biyun. Na yi saurin yanke hukunci da abu kaɗan. Na je na faɗi wannan a gaban ɗaliban uku kamar yadda na ce, sannan na ajiye sauran sakamakon.

Farfesa ya karanta har ƙarshe. Ya buɗe littafin ɗakin, ya ja layi a kan abin da ya rubuta a watan Maris, ya gyara da hannunsa. Wannan na ba shi. Da yamma ya kira ni. Ya ce za a janye tuhumar, a sabunta aikin, a aika rajistar daga ɗakinmu da sunansa da na Dakta, ni kuma a gode mini a ƙasa, a matsayin wadda ta shirya gilashi. Ya ce haka aka saba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wa ya gane dutsen?" Ya cire tabarau ya hau gogewa. Na ce, "To sunan wannan za a rubuta." Ya ce in na fita da wannan maganar, ba shi da abin da zai gaya wa hukuma a kaina. Na ce na gode da shekara shida, kuma da gaske nake.

Rajistar ta tafi jiya daga wurin Dakta. Masu ganowa: ni da ita. Wadda ta tsinta: ke. Aikina a nan zai ƙare ranar talatin ga Satumba. Dakta ta ce in zo mu yi magana, amma ba ta yi alkawarin komai ba, kuma ban roƙa ba. Ban san inda zan kasance a watan Oktoba ba. Barci dai ina yi sosai.

Ɗiyarki,
Barkono

9 ga Satumba

Barkono,

Lafiya lau, an gyara rufi. Na karanta takardarki na kuma karanta wa Baffanki da ƙarfi, har mai kantin magani ya leƙo. Baffanki ya ce to yanzu me za ta ci? Na ce abin da ta ci kafin ta san Farfesa. Ya daɗe yana kallon dutsen, sannan ya tambaya ko zai iya taɓawa. Na ce ya wanke hannu.

Maganar aiki tana damuna, ba zan ɓoye miki ba. In Dakta ta ɗauke ki, alhamdu lillahi. In ba ta ɗauka ba, akwai wata, kuma ɗakinki yana nan kafin a samu. Da kin karɓi godiyar nan ta ƙasan takarda, da shi ne zan rasa abin gaya miki.

Yanzu ki saurara. Kin ce sai talatin ga wata za ki bar wurin, ke nan har yanzu ke ma'aikaciya ce kuma kina da kujera. Ban taɓa rufe shagon nan kwana uku a jere ba tun rasuwar Baba Direba. Na gaya wa masu kaya su yi haƙuri. Ranar Alhamis sha bakwai ga wata zan hau motar safe. Ina so in sa idona a madubin nan naku in ga abin da kika gani, a ɗakin da kika gan shi. In mai gadi ya tambaya, ki ce mai dutsen ce ta zo. Farfesa kuma zan gaishe shi da mutunci, tunda ya iya jan layi a kan rubutunsa. Amma a tsaye zan gaishe shi, kuma ke za ki gabatar da ni.

Ki zo tasha da wuri. Gwiwar nan ba ta son jira.

Goggonki